Raket Ɗin Kanti

Jakar ba ta iso ba. Tun jiya da suka sauka daga jirgi ake ce musu tana hanya, har gari ya waye ma'aikacin filin jirgi yana ta ba su haƙuri a waya, wai an sauke ta a wani gari bisa kuskure. A cikin jakar nan raket-raket ɗin Bahaguwa suke, kuma yau da rana take da wasa.

Bahaguwa 'yar wasan tanis ce, da shi take ci, da shi take sha. Tun tana ƙarama ake kiranta haka saboda da hagu take bugu, sunan ya bi ta har cikin jaridu. Ta daɗe rabonta da gasa. Ta haihu, tana shirin dawowa kuma jijiyar wuyan hannunta ta tsage, aka yi mata aiki. Wannan ce gasarta ta farko tun bayan aikin, gurbin ma don tsohon suna aka ba ta. Ta san in ta ƙi fitowa yau, ba lallai a sake tunawa da ita ba.

Raket ɗaya ne ya tsira. Baba ne ya riƙo shi a jakar hannu, naɗe cikin rigar sanyinsa, don shi tun can bai yarda da masu lodin kaya ba. Baba mahaifinta ne, shi ya koya mata wasan, shi ne kuma mai gyara mata raket tun na farko da ta riƙe.

Duk wanda ya kalli raket ɗin nan zai rantse irin na kanti ne: fenti ja da baƙi, sunan kamfani a wuya, komai ɗaya. A ƙarƙashin fentin kuwa tsohuwar ƙira ce da kamfanin ya daina yi tun tana budurwa. Ragowar da suka ajiye mata ce suke shafa wa fentin sabon da suke talla, su aiko mata. Sannan Baba ya ƙara nasa. Ya liƙa dalma a gefen kai, ya ɗura gam cikin ƙota, ƙotar ma ya fere ta daidai tafin hannunta. Raket ne mai nauyi da laushi, wanda yake shanye dukan ƙwallo kafin ya kai wuyan hannu.

Baba ya ajiye waya a kan gadon otal, ya dube ta.

“Uwata, ba a shiga fili da raket ɗaya.”

“To da nawa zan shiga, Baba? Shi kaɗai gare ni.”

“In zare ya tsinke fa? Da tafin hannu za ki ƙarasa?”

“Sai mu sayi na kanti mu ajiye a gefe.”

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Haka yake yi in ransa ya ɓaci.

“Na kanti busasshe ne kamar ƙashi,” ya ce. “Duk bugun da kika yi, a hannunki zai sauka. Kin manta abin da likita ya ce? In jijiyar nan ta sake tsagewa, ko 'yarki ba za ki iya ɗauka da hannun ba. Mu je mu ce musu kin janye. Wata gasar za ta zo.”

“Wace gasa? Wa zai kira ni?” ta ce. “Baba, ina kwance da filasta ina kallon yaran da nake lallasawa suna ɗaga kofi. Na zo har nan. Ba zan koma gida in ce wa maigidana jaka ce ta cinye ni ba.”

“Taurin kan nan ban san inda kika samo shi ba.”

“Mama ta ce a wurinka.”

Bai yi dariya ba, amma ya ɗauki hularsa.

Ta riga ta gwada aro. 'Yan wasa biyu da ta sani sun miƙo nasu da zuciya ɗaya, sai dai kowanne an gina shi ne don hannun mai shi, kuma na wani kamfani ne, ita kuwa yarjejeniya ta hana ta riƙe na kowa sai na kamfaninta. Don haka suka tari tasi zuwa titin da aka ce akwai kantin kayan wasa.

Kantin ɗan tsukuku ne tsakanin shagon gyaran waya da wurin wankin kaya. Ciki warin sabuwar roba, takalma jere har rufi, raket-raket rataye a bango cikin leda. A saman su kuma ga wani ƙaton hoto: wata mata siririya ta daka tsalle, raket ja da baƙi a hannunta na hagu, fuska sumul kamar an goge da man shafawa. Bahaguwa ta kalli hoton ta sunkuyar da kai. Ita ce, tun kafin haihuwa.

Mai kantin, wata mata mai jiki da tarin makullai a ƙugu, ta taso da fara'arta.

“Sannunku da zuwa. Raket ne? Kun zo inda ya dace. Wa za a saya wa, Baba, kai ko 'yar taka?”

Baba ya nuna ja da baƙin. Mai kanti ta sauko da shi tana yabo.

“Ka iya zaɓe. Ka ga waccan ta hoton? Da irinsa take wasa, sak, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Kamfani ɗaya, injin ɗaya.”

Baba ya karɓa ya jijjiga shi a iska, ya ƙwanƙwasa gefensa da farce ya kara a kunne. Fuskarsa ta yamutse kamar ya lashi tsamiya.

“Kamar cokali,” ya ce.

“Haba Baba! Ai rashin nauyin shi ne kuɗinsa. 'Yan wasan yanzu ba sa son kaya mai nauyi.” Ta juyo wurin Bahaguwa ta ƙare mata kallo. “Ke 'yar'uwa, in don rage tumbi za ki fara, akwai mai sauƙi a can ƙasa. Wannan na ƙwararru ne.”

Da a wata rana ce, da Bahaguwa ta yi dariya har da hawaye. Yau ko murmushi bai zo mata ba. Ta karɓi raket ɗin da hagu, ta lilo shi sau ɗaya. Ƙotar zagayayya ce, ba ta zauna a tafinta ba, kan kuma yana gudu ya riga hannunta isa. Ta taɓa riƙe irinsa ranar ɗaukar hoton can, amma ba ta taɓa buga ƙwallo da shi ba.

“Shi za a ba mu,” ta ce.

Mai kanti tana sa shi a leda tana cewa, “Za ki gode mini. In kin dage, wa ya sani, wata rana ke ma a manna ki a bango.”

Da suka isa filin gasa suka wuce ɗakin ɗaurin zare, wani dogon ɗaki a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, injuna a jere suna ƙara. Mai ɗaurin zare, wani mai sanƙo da ba ya son magana, ya sake wa sabon raket ɗin zare irin nata, ya ba su guntun dalma mai gam a baya. Sikelin Baba da wuƙarsa da robar ƙota duk suna cikin jakar da ta ɓata. Gam ɗin da yake ɗurawa a ƙota kuwa sai ya kwana yake bushewa, ba maganarsa.

Suka zauna a benci. Baba ya ɗauki almakashi zai yanka dalmar, hannunsa ya hau rawa. Shekaru sun fara kama shi, ya daɗe yana ɓoyewa, a gida ma sai ya rufe ƙofa yake wannan aiki. Ya yanka, ta karkace. Ya sake, ta faɗi ƙasa.

“Kawo, Baba. Kai faɗa mini.”

Ya miƙa mata bai kalle ta ba. “Tsawon ɗan yatsanki. Nan gefe, da nan. Danne sosai.”

Ta liƙa. Ya ɗora raket ɗin a kan yatsa ya ga inda yake rinjaya, ya ɗauki na gasken ya gwada, ya sa ta ƙara kaɗan. Suka naɗe ƙotar da bandeji a gefe ɗaya don ta ɗan yi faɗi. Daga ƙarshe ya jera su biyun a cinyarsa. Ko ita sai da ta duba ƙota kafin ta gane nata.

“Nauyin ya yi kusa,” ya ce. “Amma kama da wane ba wane ba ne. Dalma ba ta sa busasshe ya yi laushi. Allah ya sa kada ki taɓa shi.”

“Amin.”

“In kuma kin taɓa shi kika ji zafi, ki ɗaga hannu. Ki yi mini alkawari.”

Aka kira sunanta a lasifika. Ta miƙe ta rataya jaka, ba ta yi alkawarin ba.

Abokiyar karawarta yarinya ce sabon jini, doguwa, kafaɗu kamar na mai ɗaukar buhu, 'yan kallo ma Doguwa suke ce mata. Wasan zagaye uku ne, wadda ta ci biyu ta wuce. Rana ta take, filin yana turiri, kujeru sun cika rabi.

Da aka fara, tsoro ya saki Bahaguwa. Raket ɗinta yana amsa ƙwallo da tattausan sautin nan da ta saba, tana aika ta kusurwa-kusurwa, Doguwa tana ta zarya. Ta cinye zagayen farko. A na biyu yarinyar ta farka, ta dinga sako ƙwallo kamar jifan dutse, numfashin Bahaguwa ya fara gajarta, ta rasa shi. Duk lokacin da ta zauna hutu sai ta duba zaren raket ɗin. A tsakiya ya fara gashi, yana sirancewa.

A zagaye na uku suna kunnen doki, ta kai wa wata ƙwallo duka da dukkan ƙarfinta, sai ta ji tas! Zaren ya tsinke, ƙwallon ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo.

Kafin ta juya Baba ya riga ya sauko bakin shinge. Ta miƙa masa raket ɗin.

“Riƙe yarinyar da dabara,” ya ce da sauri. “Kada ki yi dogon bugu. Bari in kai a sake zare, yanzu zan dawo.”

Ya juya yana gudu-gudu sauri-sauri, tsoho da ciwon gwiwa, hula a hannu. Ta buɗe jaka ta zaro na kanti.

Bugun farko da ta yi da shi, ƙwallon ta wuce layi ta daki allon baya. Wani sauti ya fito, kau, kamar an buga faranti, girgizar ta bi ƙota ta shige wuyan hannunta ta tsaya daidai inda aka ɗinke. Na biyu ta rage ƙarfi, ya faɗa raga. 'Yan kallo suka fara gunaguni. A idonsu raket ɗaya ta ajiye ta ɗauki ɗan'uwansa, ba su ga dalilin da mace za ta manta wasa cikin ƙiftawar ido ba. Wani daga sama ya yi ihu, “Ta gaji! Tsufa ya zo!”

Doguwa ba ta san me ya faru ba, amma ta ji ƙanshin nasara. Ta dinga dukan ƙwallo kai tsaye gefen hagu, da nauyi. Kowace tarewa sai Bahaguwa ta ji kamar an soka mata allura. Maki suka fara zubewa. Ta dinga jan lokaci iyakar abin da doka ta yarda, ta goge fuska, ta gyara igiyar takalmi, idonta a kan ƙofar da Baba ya bi. Har alƙalin wasa ya gargaɗe ta.

Can sai ga shi. Ya fito daga ƙofar a hankali, ba gudu, ba sauri. Ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu. Ba komai.

A hutun canjin gefe ya matso bayan kujerarta.

“Raket ɗin ya tsage,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Injin na jan zare, wuyan ya buɗe. Ashe da tsohuwar tsaga a ƙarƙashin fenti, ban gani ba. Uwata, ya isa. Ɗaga hannu.”

Ta kafa kwalbar ruwa a baki. Wuyan hannun yana bugawa kamar zuciya ta koma can. Ta tuna 'yarta, yadda take miƙo hannu biyu a ɗauke ta. Ta motsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, duk sun amsa. Zafi ne, amma ba irin na ranar da jijiyar ta tsage ba, wancan ta san shi.

“In na ji irin na wancan karon, zan tsaya,” ta ce. “Wannan kam na yi alkawari.”

“Ke dai…” Bai ƙarasa ba, alƙali ya kira lokaci.

Tana tafiya layi tana juya raket ɗin a hannu. Ba ya ɗaukar dogon bugu, wannan ta gani. Amma kansa yana da sauri. Ta daina jayayya da Doguwa daga baya. Ta fara yankar ƙwallo ta ƙasa, tana aika ta gajere, ta bi ta da gudu zuwa raga ta tare ta tun tana sama, kafin nauyinta ya taru. Wasa ne da ba nata ba, rabonta da shi tun tana yarinya. Na farko ya shiga. Na biyu ya daki gefen raket ya tsallake raga da ƙyar, ta ɗaga hannu ta ba da haƙuri. Doguwa, da tsawonta, ba ta son durƙuso, ta fara kuskure tana harara sama. 'Yan kallo suka juya, har mai cewa tsufa ya zo yana tafi. Bahaguwa ta ciko ratar, suka koma kunnen doki, aka shiga bugun raba gardama.

Nan fa fili ya yi tsit. Wannan ta ci, waccan ta rama. Gumi yana shiga idonta, bandejin ƙota ya jiƙe yana zamewa. Doguwa ta wuce da maki ɗaya, saura ɗaya ta gama.

Yarinyar ta sako ƙwallo, Bahaguwa ta mayar, aka yi ta musaya. Sai Doguwa ta yi gajeren bugu ta taho raga, ta bar kusurwar dama a buɗe. Ƙwallon ta taso daidai ƙugun Bahaguwa, ta hagu, inda take so. Wannan shi ne bugun da ya yi mata suna, wanda ta yi tun tana 'yar firamare har ba ta san adadi ba. Jikinta bai tsaya shawara da ita ba. Ƙafa ta kafu, kafaɗa ta juya, hannu ya tafi da cikakken ƙarfi kamar yadda ya saba.

Ƙwallon ta wuce Doguwa kamar walƙiya, ta nufi kusurwa, ta sauka. Mai duba layi ya miƙa hannu gefe.

Ta fita, da faɗin yatsa.

Bahaguwa ta tsaya tana kallon wurin. Tun ƙwallon na barin zare ta ji a hannunta cewa ta yi tsawo. Ta tako zuwa raga ta miƙa wa Doguwa hannun dama, yarinyar ta rungume ta tana haki, ta ce, “Anti, kin kusa kashe ni.” 'Yan kallo suka miƙe tsaye. Ita dai ba ta ji tafin sosai ba, hankalinta yana kan hannun da ta rungume a ƙirji.

A ɗakin likitar gasa aka kwance mata ɗaurin hannu. Wurin ya kumbura, ya yi ja. Likitar, wata mai furfura da sanyin murya, ta shafa mai ta ɗora na'ura tana kallon allo, tana matsawa a hankali. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi zama, ya ƙi shigowa. Ƙarar fanka kaɗai ake ji.

“Lanƙwasa,” in ji likita. “Nan da zafi? Nan fa?”

“Kaɗan.”

Ta sake dubawa, ta daɗe, sannan ta ajiye na'urar.

“Ɗinkin yana nan, bai motsa ba. Kumburi ne. Ƙanƙara da hutu, kada ki riƙe ko tsintsiya sai ya saɓe. Amma kin taki sa'a, kada ki sake gwada ta.”

Baba ya lalubi kujera ya zauna daɓas. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna motsi. Bahaguwa ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar aikin.

“Baba?”

“Ƙyale ni,” ya ce daga cikin hular. “Gwiwata ce.”

Likita ta yi murmushi ta fita ɗauko ƙanƙara. Sai a lokacin hawayen Bahaguwa suka zubo, na faɗuwa da na tsira a haɗe, ta bar su suna zuba. Da suka lafa, Baba ya sauke hular ya share ido.

“Wasan ragar nan,” ya ce, “wa ya koya miki?”

“Wani tsoho mai faɗa.”

“Bai koya miki da kyau ba. Ƙafarki ta dama tana makara.”

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shugabar masu shirya gasar ce, ta leƙo da waya a hannu. Ta tambayi hannun, aka gaya mata. Ta ce suna da wata gasar bayan damina a wani gari, in Bahaguwa ta warke, gurbi yana jiranta, ba sai ta roƙa ba.

Bahaguwa ta dubi Baba. Ya ɗaga kafaɗa, ya kau da kai.

“Zan zo,” ta ce.

Likita ta dawo ta ɗaure mata ƙanƙara. Baba ya rataya jakarta a kafaɗarsa, ta ce ya kawo, ya ce ta kula da hannunta. Suka bi dogon barandan zuwa ƙofar fita, shi yana ɗingishi a gaba, ita tana biye tana neman lambar gida da hannun dama.